Agogon Tsohuwar Fijo: Nemansa da Mayar da Shi Gurbinsa a Abakpa

Duk wanda Allah ya ɗora wa son tsofaffin motoci, ya kuma saba ratsa lungunan Abakpa da Unguwar Shanu har ya gangara garejojin Kurmin Mashi, yana leƙa cikin ragowar Peugeot 404 da 504 waɗanda jama'armu ke kira Fijo, lalle zai lura da wani aibi guda da ya game kusan dukkansu, ko da injinsu na tashi da murɗa ɗaya, ko da an sabunta musu fenti da rigunan kujeru, watau mutuwar agogon da ke gaban direba. A wata motar hannuwansa suna nan cak a kan wata sa'a da babu mai tuna ranarta; a wata an cire shi ɗungum an bar rami; a wata kuwa an manna wani ɗan agogon roba na kasuwa a bisa allon mita, wanda zafin rana ya riga ya ƙone masa fuska. Dalili ba ɓoyayye ba ne, gama mota ba ta motsi sai da inji da taya da birki, saboda haka su ake yi wa hidima, alhali agogo in ya tsaya ba ya hana kowa isa Zariya. Amma ni a ganina, wanda ya ƙudura niyyar raya irin wannan mota domin ta zama shaida ga 'ya'ya da jikoki, aikinsa bai cika ba matuƙar bai nemo agogonta na asali ya gyara shi da kayan cikinsa ba, kuma lokacin da ya rage na yin haka a Kaduna ba shi da yawa.

Garin da ya tashi da sanin sa'a

Kafin agogon ƙarfe ya yawaita a ƙasar Hausa, kakanninmu ba su jahilci lokaci ba, domin salla ta wajabta musu kiyaye shi sau biyar a yini. Almajirin da ya karanta Risala ya san cewa azahar tana shiga ne da zawali, sa'ad da rana ta gota tsakiyar sama inuwa ta soma ƙaruwa, la'asar kuwa sai inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an fitar da inuwar zawali. A manyan biranen Musulunci har muƙami aka keɓe wa wannan ilmi na miƙati, kamar yadda Ibnu Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, ya riƙe aikin ƙididdige lokuta a Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa. Mu ma nan muna da namu gwanayen hisabi da falaki, irin su Muhammadu al-Katsinawi da ya rasu a Alƙahira a 1741.

Kaduna kuwa da wani irin lokaci dabam ta tashi. Tun da aka ƙaurar da hedikwatar Lardunan Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, garin ya zama na begilar bariki, da usur ɗin jirgin ƙasa, da littafin sa hannu na ofis, daga baya kuma da jiniyar masaƙa bayan an buɗe ta farko a Kakuri a 1957. Abakpa, wadda ta girma a gefen barikin soja ta tara ƙabilu iri-iri na tsofaffin sojoji da ma'aikata da masu sana'ar hannu, tana cikin unguwannin da suka fi sanin ma'anar ƙarfe bakwai da rabi, domin wanda ya makara a faretin safe ko a ƙofar ofis ba ya bukatar wani ya fassara masa. A irin wannan gari, ma'aikacin da ya sami rancen sayen mota, ya zauna bayan sitiyari ya ga agogo na tafiya a gabansa, ya san cewa ya mallaki abin da zai riƙa tuna masa haƙƙin aiki da haƙƙin Ubangiji baki ɗaya. Direban tashar Kawo ma da shi yake lissafin ko azahar za ta riske shi a Zariya ko sai ya kusa Kano.

Daga Faransa zuwa Kakuri

Abin sha'awa ne a ce dangantakar gidan Peugeot da agogo ta girmi dangantakarsu da mota, gama a 1810, sa'ad da wasu 'yan'uwa na zuriyar Peugeot suka mayar da injin niƙan hatsi na gidansu masana'antar ƙarfe a gabashin Faransa, cikin kayan da suka fara ƙerawa akwai ruwan zarto da sifirin na agogo. Samfurin 404 ya fito a 1960, 504 kuma ta biyo baya a 1968 ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, kuma dukkansu biyu sun ci gasar tseren Safari ta gabashin Afirka, wadda ita ce ta tabbatar wa duniya juriyarsu a kan hanyar ƙasa mai kwazazzabai.

A 1972, shekarar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, aka kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, sa'an nan a 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. A shekarun farko jiragen sama na dakon kaya ne ke kwaso sassan motocin daga birnin Lyon su sauke a Kano, manyan motoci su ƙaraso da su Kaduna a harhaɗa. Buɗewar ta dace da ƙarin albashin Udoji da ya cika aljihun ma'aikata, ta kuma dace da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Murtala da Obasanjo, wanda ya mayar da 504 motar manyan jami'an hukuma. Ko da Turai ta daina ƙera ta a 1983, Kakuri ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, adadin da ya haura 400,000. Ma'anar wannan ga mai neman agogo a yau ita ce, da wuya a sami wani gari a Afirka ta Yamma da kayan wannan mota suka taɓa yawaita kamar Kaduna, kuma abin da yake nema la'alla yana kwance cikin wani tsohon gwangwanin madara a wani shago da bai fi tafiyar rabin sa'a daga ƙofar gidansa ba.

Abin da ke cikin gwangwanin

Peugeot ba ta ƙera agogunanta da kanta. Kamfanoni biyu ne suka fi yi mata mitoci, watau Jaeger na birnin Faris da Veglia mai asali a Milan ta Italiya, kamar yadda VDO da Kienzle ke yi wa motocin Jamus, Smiths kuma ke yi wa na Ingila. Edmond Jaeger, wanda kamfanin ke ɗauke da sunansa, maƙerin agogo ne da ya ƙulla hulɗa da gidan LeCoultre na Suwizalan tun 1903, saboda haka sunan da talaka ke gani a mitar tasin da ya hau daga Kawo zuwa Kasuwa shi ne rabin sunan da attajiran duniya ke ɗaurawa a hannu. A yawancin 504 na shekarun 1970 allon mita da'ira uku ne a jere: ta gudun mota, da ta ma'aunin mai da zafin ruwa, da ta agogo.

Wajibi ne mai nema ya san cewa agogunan mota na wancan zamani iri uku ne, domin cutar kowane da maganinsa dabam. Na farko, wanda ya fi tsufa, agogo ne na sifirin sosai, sai dai maimakon mutum ya riƙa ba shi wani da hannu, wutar batir ce ke yi. Idan sifirin ya kusa saki, sai wasu 'yan ƙarafa biyu su haɗu, wuta ta ratsa naɗin waya ya zama maganaɗisu, ya fizgi wani hannu da zai sake ɗaure sifirin ɗin, ƙarafan su rabu. Shi ya sa wanda ya zauna shiru cikin irin wannan mota da dare yakan ji wani ƙas bayan kowane ɗan mintoci. Ajalinsa yakan zo ne ranar da batir ya yi sanyi, gama ƙarafan za su haɗu amma ƙarfin fizgar bai isa ya raba su ba, sai wuta ta yi ta kwarara har naɗin ya ƙone, in dai ba an yi sa'a ɗigon dalmar da wasu maƙera suka sa a matsayin fis ya riga narkewa ba.

Na biyu, wanda Jaeger ya yi fice da shi, sau da yawa yana ɗauke da kalmar Transistor a fuskarsa, wani lokaci da alamar lasin ATO ta kamfanin Léon Hatot wanda ya yi rajistar dabarar a shekarun 1950. A nan babu babban sifirin, babu ƙarafa masu haɗuwa. Akwai 'yar da'ira mai kai da komo wadda masu gyara ke kira balans, ɗauke da ƙananan maganaɗisu, tana wucewa ta kan naɗin waya. Duk sa'ad da ta gifta, sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan da za ta buɗe tiransista, ita kuma ta saki wutar da za ta ƙara tunkuɗa da'irar, kamar yadda ake yi wa yaro a kan lilo, ba a tura shi sai daidai lokacin da ya iso hannu. Hikimar da ke cikin wannan tsari ta isa a jinjina wa wanda ya ƙago ta, domin da'irar da ke auna lokaci ita ce kuma ke juya haƙoran da ke tafiyar da hannuwa. Na uku shi ne na kwaz, wanda ya yaɗu a motoci bayan kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu irinsa na farko a ƙarshen 1969. Ƙwayar dutse ce ke karkarwa da adadi sananne, na'ura ta rarraba adadin, ƙaramin moto ya juya hannuwa. Cutarsa mafi yawa bushewar ƙananan kondensa ce, kuma musanya su aiki ne mai sauƙi ga wanda ya iya riƙe ƙarfen liƙi.

Fita nema

Mataki na farko a gida ake yinsa, watau a tabbatar da shekarar motar da samfurinta daga lambar jikinta, a ciro tsohon agogon in yana nan, ko a auna gurbinsa in babu, gama 504 ta sauya fuskar mitocinta fiye da sau ɗaya cikin tsawon rayuwarta, kuma agogon da ya fito daga ta ƙarshen shekarun 1980 ba lalle ya zauna a ta 1976 ba. Ko ya zauna ma, launin lambobinsa da siffar hannuwansa za su saɓa wa maƙwabtansa, kuma idon masani ba ya kuskure wannan. Wanda ya tafi kasuwa da tsohon a aljihu ya rage wa kansa rabin wahala.

Daga Abakpa, mafari shi ne tsofaffin makanikai da masu wayarin na unguwa da na Kurmin Mashi, musamman waɗanda suka yi koyon aiki a zamanin da kowace mota uku da za ta shigo gareji biyu Fijo ne. Irin waɗannan dattawa ba sa zubar da kome, kuma ba a zuwar musu da gaggawa. Sai an gaisa, an tambayi iyali da jiki, an zauna a benci, kana a ce, “Baba, wani ɗan abu nake nema na tsohuwar nan tawa.” Amsar da aka saba ji ita ce, “To Alhaji, bari in duba cikin tarkace, ka leƙo bayan Juma'a.” Wanda ya ɗauki wannan a matsayin kora ya yi hasara, domin sau da yawa alkawari ne na gaskiya. In unguwa ta gaza, sai a nufi Ori-Apata wurin masu kayan gyara, da tsohuwar Panteka ta kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, inda ake ɓarke matattun motoci a ware ƙarfe da tagulla da goran ruwa. Bayan Kaduna akwai Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas, da garejojin Maraɗi da Damagaram inda a-kori-kura ta 404 da 504 suka daɗe suna jigilar ƙauyawa da buhunan gero. Mai hali kuma yana iya aikawa Faransa, inda gidan tarihin Peugeot da aka buɗe a Sochaux a 1988 da ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci ke hada-hadar irin waɗannan kaya ta intanet, sai dai kuɗin Yuro da na aike sukan ninka farashin gida sau da dama.

Shawarata ga mai nema ita ce, in ya sami allon mita sukutum kada ya ce agogo kaɗai yake so, ya saye shi duka, domin a ciki zai sami ƙananan sukurori da mazaunin ƙwan fitila da maɓallin saiti, waɗanda kowannensu kan iya zama abin nema na wata guda.

Sa'an nan sai batun ciniki, wanda a nan ne ilmin da aka koya a zaure yake amfani. A kowace kasuwa ta tsofaffin kaya mai sayarwa zai ce, “Ranka ya daɗe, ɗan asali ne, daga jikin mota na ciro shi da hannuna,” kuma yana iya zama mai gaskiya, amma fitowa daga jikin mota ba ta nufin yana aiki. Sayen agogon da ba a gwada ba ciniki ne mai garari, watau jahiltar halin abin saye, kuma fikihu ya buɗe wa mutane ƙofa biyu don kauce wa husuma: cinikin zaɓi, inda za a yi sharaɗin kwanaki na gwaji, da kuma haƙƙin mayar da kaya saboda tsohon aibi da aka ɓoye. Saboda haka a faɗi sharaɗin a fili gaban shaida tun kafin kuɗi su fita daga aljihu. A duba sunan maƙeri a fuska da hatimin da ke bayan gwangwani, a tabbatar an rubuta bolt 12, a lura da bakin zoben da ya riƙe gilashi ko an taɓa ɓamɓare shi, a shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna, a girgiza shi a hankali kusa da kunne, domin balans mai lafiya yakan yi 'yan bugu kafin ya tsaya. In da batir a kusa a gwada nan take, amma fa sai an tabbatar da wace waya ce ta wuta wace ce ta bodi, gama juya su na ƙiftawar ido ya isa ya kashe tiransistar da ta rayu shekara hamsin. Tsofaffin motocin Ingila irin su Morris da Austin na kafin tsakiyar shekarun 1960 kan wuta suke haɗawa da bodi, tsohuwar Volkswagen kuma bolt 6 take amfani da shi, don haka agogunansu ba sa shiga Fijo ko da girmansu ya yi daidai.

Hannun mai gyara

Agogon da ya kwana shekara talatin cikin ƙurar hunturu da laimar damina ba a ɗaura shi a mota kai tsaye, ko da ya motsa a wurin gwaji. Mansa ya daskare ya haɗu da ƙura ya zama abin da ke cin ƙarfe, kuma in aka bar shi yana gudu a haka, cikin 'yan watanni ramukan da sandunansa ke juyawa a ciki za su buɗe. A nan ne aikin ya fita daga hannun bakanike ya koma hannun mai gyaran agogo, irin dattawan nan masu akwatin gilashi da madubin ido ɗaya da akan gani a bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da gefen manyan masallatai, waɗanda adadinsu ke raguwa kowace shekara tun da wayar hannu ta ɗauke wa mutane bukatar ɗaura agogo. A nemi wanda ya koyi aiki a kan agogon sifirin, domin wanda iyakar saninsa sauya batir ba zai gane balans ba.

Gwani zai buɗe zoben a hankali, yana ɗaga shi kaɗan-kaɗan a kewaye don kada ya tsage. Zai zare hannuwan ba tare da ya karce fuskar ba. Zai wanke haƙora da sanduna, ya bushe su, ya ɗiga man agogo da bakin allura a wuraren juyawa kaɗai, ya bar haƙoran a bushe. Babban abin da nake gargaɗi a kai shi ne al'adar fesa man kwance tsatsa ko ɗiga baƙin mai ko man birki cikin gwangwanin. Agogon yakan tashi nan take, mai shi ya yi murna, amma man zai manne siririn sifirin na balans ya sa shi gudun da ya wuce kima, sa'an nan ya tara ƙura ya kashe shi kisan da ya fi na farko. Fuskar kuwa ba a wanke ta da fetur ko sabulu, domin lambobin za su bi ruwa. Goga mai laushi ta wadatar, kuma ɗan jan da shekaru suka sa mata ba aibi ba ne, tun da maƙwabtanta a allon ma haka suke. Bayan an haɗa, sai a bar shi a kan tebur manne da batir na kwanaki, ana gwada shi da sa'a ingantacciya, ana matsa ɗan hannun saiti da ke bayansa kaɗan ƙwarai zuwa alamar ƙari ko ragi. Iyayenmu da sanarwar lokaci ta Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, ko ta Rediyon Kaduna suke daidaita nasu. Yau wayar hannu ta wadatar.

Mayar da shi gurbinsa

Ɗaurawar ita ce mafi gajarta, amma ita ce mai haɗarin gobara. A fara cire kan batir na bodi. A kwance wayar mitar gudu ta baya kafin a jawo allon, a jawo shi da tausasawa, domin robar da ta sha ranar Kaduna shekara arba'in tana karyewa da ɗan matsi, haka ma siraran hanyoyin tagulla da ke shimfiɗe a bayan wasu alluna. Kafin a zare kowace waya a ɗauki hotonta ko a ɗaura mata alama. Agogo waya uku yake bukata: ta wuta mai ɗorewa wadda ba ta yankewa ko an zare makulli, da ta bodi, da ta ɗan ƙwan da ke haskaka fuskarsa in an kunna ƙananan fitilu. Kuskuren da yaran gareji suka fi yi shi ne ɗaukar wuta daga layin makulli, sai agogo ya riƙa tsayawa duk sa'ad da aka kashe mota. Wanda ya fi wannan muni shi ne jawo waya kai tsaye daga batir ba tare da fis ba, ko naɗe fis ɗin da ya ƙone da zaren waya ko takardar kwalin taba, alhali wannan layin yana da wuta dare da rana, mota na kulle a gida mutane na barci. Mai mota ya tsaya a kan mai wayarin ya ga an bi layin asali, an kankare mahaɗar bodi har ƙarfe ya yi fari, an kuma auna cajin da mota ke bayarwa, domin cajin da ya wuce kima yana cinye agogo da ƙwayayen fitila tare.

Idan aka mayar da kan batir agogon tiransista bai motsa ba, kada a yi saurin yanke masa hukunci, gama wasunsu sai an taɓa maɓallin saiti ya ba balans tunkuɗar farko. Daga nan kuma akwai ladubba biyu da mai motar zai riƙe muddin rai: in za a yi walda a jikin motar a cire batir tukuna, in kuma za ta daɗe a ajiye a cire kan batir gaba ɗaya, kada a bar shi ya yi ta sanyi a hankali. Agogon balans yakan ɗan saɓa tsakanin zafin Afrilu da sanyin Janairu, kuma minti ɗaya ko biyu cikin kwanaki ɗabi'arsa ce, ba cuta ba.

Akwai wata hanya da ta yaɗu, wadda ake kwashe kayan cikin agogon a zubar, a cusa injin kwaz na agogon bango a bayan tsohuwar fuskar. Ban ce haramun ba ne mutum ya yi haka da dukiyarsa, kuma in kayan ciki sun ruɓe ƙwarai babu makawa; amma sharaɗi biyu nake gani wajibi, watau a adana tsofaffin kayan cikin leda tare da takardun motar, kuma ranar sayarwa a bayyana wa mai saye, domin kiran irin wannan agogo ɗan asali algus ne, ko da babu wanda zai taɓa buɗe shi ya gani. Inda kuwa gyara zai yiwu, gyaran ne daidai, saboda fuskar agogo fenti ce da lambobi da kowa zai iya kwaikwaya, amma aikin da ke bayanta ba a ƙara yin irinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin da kayan ke ƙarewa. Tun da farashin tsohon ƙarfe ya tashi, 'yan gwangwan suna bin unguwanni da amalanke da ma'auni, kuma motar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a Abakpa takan ɓace cikin yini guda, a sare ta da gatari a loda wa tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe, allon mitarta kuwa, da yake roba da gilashi ba su da nauyi a sikeli, a farfasa shi don 'yar tagullar da ke ciki. Ba na zargin masu wannan sana'a, halal suke nema. Rashin sani ne ya sa suke sayar da abu a kan kuɗin awo alhali mai nemansa zai biya ninkin haka da murna. Ina roƙon shugabanninsu a Panteka da sauran wurare su umarci yaransu su riƙa ciro mitoci da agoguna da bajoji lafiya lau kafin gatari ya sauka. Ina kuma kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta riga ta ƙulla zumunci da masu sana'ar Panteka, ta jawo ragowar dattawan masu gyaran agogo su koyar da ɗalibanta na sashen lantarki tun idanunsu na gani. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwar Fijo ta mahaifinka a gida, ko da ka yanke shawarar rabuwa da ita, ka sa a ciro allon mitarta a naɗe cikin tsumma mai tsabta, a ajiye a ɗaki inda ruwa da rana ba sa kaiwa, ka rubuta shekarar motar da lambar jikinta a takarda ka haɗa da shi.